Kofin Zoɓo na Biyar

Maigidana ne shugaban ƙungiyar 'yan arewa mazauna Setapak da kewaye a shekarar da korona ta rufe mu a gida, kuma ban ga wanda kulle ya cuta kamarsa ba. Wasu aiki suka rasa, wasu karatu, shi kuwa taro ya rasa. Mutum ne da in bai tsaya gaban jama'a ya gyara murya ya ce "'yan'uwana maza da mata" ba, abinci ba ya yi masa daɗi. Karatun digiri na uku ya kawo shi Malesiya, ni kuma na biyo shi, muka bar yaranmu biyu a Kano wajen kakarsu da niyyar in an yi hutu mu ɗauko su. Kafin hutun ya zo aka rufe filayen jirgi. Sai ya zamana daga ni sai shi a ɗaki biyu da falo a hawa na tara, duk jawabin da ya tanadar wa ƙungiya a kaina yake ƙarewa. Ina wanke-wanke ana yi mini bayanin haɗin kai. Har cikin barci na taɓa jin yana gode wa mahalarta.

Ga kuma zaɓen ƙungiya da aka ɗage sai yadda hali ya yi. Abokin takararsa yana can Bukit Jalil yana aika wa mutane shinkafa da mai ta hannun masu babur, labari kuma yana iso mana kullum. Kusan rabin 'yan ƙungiyar Kiristoci ne daga Kaduna da Filato, su ne ba a san inda za su karkata ba. Wannan ya hana Shugaba sukuni. Haka nake kiransa in ina son tsokana, shi kuma bai taɓa gane tsokana ba ce.

Ni abin da ya hana ni sukuni daban ne, kuma ƙofarsa tana kallon tamu. Maƙwabciyata 'yar Filato ce, ma'aikaciyar jinya da ta zo ƙaro karatu, ita kaɗai take zaune. Ita ta koya mini hawa jirgin ƙasa na cikin gari, ita ta koya mini in ce tapau a shagon abinci irin wanda suke kira mamak in ina son a ƙunsa mini abinci in tafi da shi. Fes Ledi take kirana, tana da wata irin dariya da ake ji tun daga cikin lif. Ba a jima da fara kulle ba mahaifinta ya rasu a gida. Babu jirgi, babu hanya. A waya ta kalli jana'izarsa, layin yana yankewa yana dawowa, har aka rufe kabarin a lokacin da hoton ya tsaya cak. Daga ranar ta ja ƙofarta ta rufe.

Gidajen can ƙofa biyu gare su, ta ƙarfe mai raga a waje, ta katako a ciki. A jikin ta ƙarfen nake rataye mata abinci a kula, in ƙwanƙwasa in koma. Wata rana a ɗauka, wata rana in tarar da shi yadda na bar shi, ya yi tsami. Kuloli uku nawa suka shiga ba su fito ba. In na kira ba ta ɗagawa, sai can ta turo "na gode" a rubuce. Takalmanta na bakin ƙofa har ƙura ta hau su. Na koma kamar mai gadi, in laɓe a bayan ƙofarmu ina sauraren ko zan ji ƙarar famfo daga wajenta, in na ji in ce alhamdulillahi tana da rai. Tsoro nake ji sosai. Ina tsoron ranar da zan saurara in ji shiru.

Ana cikin haka, ana saura 'yan kwanaki Ista, wani ya turo wa Shugaba wani tsohon bidiyo a waya. Shugaban wata babbar ƙasa ne zaune a dogon tebur da iyalinsa da ma'aikatansa, ana karya wata busasshiyar gurasa, ana ɗaga kofuna, ana karatu daga ƙananan littattafai. Shugaba ya kalla ya maimaita, ya sake maimaitawa, sannan ya biyo ni kicin idonsa yana ƙyalli. Ya ce in duba in gani, wannan mutumin ba addininsa ba ne, amma ya shirya wa talakawansa idinsu a fadarsa da hannunsa. Ya ce wannan shi ne shugabanci, shinkafa kuwa kowane ɗan kasuwa zai iya rabawa.

Nan take ya rubuta wa sakataren ƙungiya, wani Kirista ɗan kudancin Kaduna mai gemu da yake zaune a ƙarshen barandarmu, ya tambaye shi ko Idin Ƙetarewa, wato bikin da ya gani a bidiyon, yana cikin littafinsu. Sakatare ya amsa da cewa ƙwarai kuwa yana ciki. Iyakar binciken da aka yi ke nan. Da Shugaba ya shiga neman yadda ake yin bikin, ko'ina ya buɗe sai ya ga an ambaci Yahudawa, na kuma nuna masa da yatsana. Ya dube ni irin kallon da yake yi wa ɗalibi, ya ce ai Bani Isra'ila na da ake nufi, na zamanin Annabi Musa, Kiristoci ne suka gaje shi, shi ya sa yake faɗowa tare da Ista. Na buɗe baki zan yi musu, sai na tuna na yi makonni ban ga abin dariya ba. Na rufe bakina na tambaye shi me za a dafa.

Sanarwar da ya tura wa ƙungiya kuwa ba ta ambaci Ista ba ko sau ɗaya, don ya ce abin mamaki yake so ya ba su. Cewa ya yi shugaba yana gayyatar kowa walimar tunawa da fitar Annabi Musa daga Masar, na barandarmu a ƙofofinsu, na nesa ta kwamfuta.

Dokar lokacin ta ce maigida kaɗai ke fita cefane, ga 'yan sanda da sojoji a kan titi. Mutumin da bai san bambancin citta da gurjiya ba shi ya tafi kasuwa, ya riƙa kirana a bidiyo yana nuna mini kaya ɗaya-ɗaya. Ana son gurasa marar yis, wannan bai ba mu wahala ba, don yis ɗin ma ya ɓace daga shaguna, duk matan garin sun koma gasa burodi. Na kwaɓa fulawa da ruwa na gasa a tanda, ta fito kamar kwali. Ana son ganye mai ɗaci, ya ce shuwaka, na ce ya je Kano ya tsinko. Daga ƙarshe ya samo peria, wato garafunin ƙasar, dogo mai ƙuraje, wanda ya ninka namu girma da mugunta. Ana son wani abu mai kama da laka don tuna tubalin da bayi suka buga, na daka dabino da gyaɗa. Ana son ƙwai gasasshe da ƙashin rago. Ƙashin kaza ya samu, ya ce niyya ce abin dubawa.

Da muka zo kan kofuna huɗu na giyar inabi da kowa zai sha, sai ya tsaya yana shafa haɓa. Na ce masa ina da ragowar zoɓon da na zo da shi daga gida, wanda nake ɓoyo kamar zinare. Ya tafa hannu ya ce ja dai ja ne. Abu ɗaya na hana shi. Ya karanta cewa mutanen Annabi Musa sun shafa jini a dogaran ƙofofinsu, ya ce mu ma mu shafa zoɓo. Na ce in ya ɓata wa mai gida fenti, shi zai tsaya ya yi masa bayani da Malayancinsa na kalma goma.

Ranar, bayan la'asar, ya fito da awon tela ya auna barandar. Ba taro muke yi ba, in ji shi, kowa a cikin gidansa yake, ƙofa ce kawai a buɗe. Mu muka shimfiɗa darduma a bakin tamu. Sakatare ya zauna a bakin tasa can ƙarshe da gajeren wando da farar riga, ya ɗora hular kwano da ban san inda ya aro ta ba. A tsakani akwai wata tsohuwa 'yar ƙasar da kowa ke kira Makcik, wato inna. Ba mu gayyace ta ba, amma ta jawo kujerar roba ta zauna a bayan ragarta da kyanwarta a cinya, kamar ta sayi tikiti. Aka ɗora kwamfuta a kan kujerar tsugunne, fuskoki suka cika ta daga Taman Melati da Bukit Jalil, rabinsu goshi kawai ake gani. Abinci kuwa a tire nake zubawa, in tura shi a ƙasa da sandar mofa har ya isa gaban Sakatare. Shugaba ya saka babbar riga mai aiki da hula da takunkumi, ƙafarsa silifas na banɗaki.

Ƙofa ɗaya ce a rufe, wadda ke gabana. Na ƙwanƙwasa tun da rana na gaya mata ta jikin katako abin da za a yi, ba ta amsa ba.

Shugaba ya yi jawabin buɗewa, wanda ya ɗauki lokacin da za a iya dafa wake. Ya ce shugabannin duniya suna yi, to me zai hana Setapak. Sannan ya duba waya ya ce a ɗaga kofi na farko, a kuma kishingiɗa ta hagu, don haka 'ya'ya ke cin abinci, bayi ne ke ci a tsaye. Muka kishingiɗa. Sakatare ya kishingiɗa ya zame, zoɓo ya bi farar rigarsa. Na cikin kwamfuta su ma duk suka karkace lokaci ɗaya, kamar mota ta sha kwana da su. Da aka zo wanke hannu kuwa, nan kowa ya nuna gwaninta, don a shekarar ba abin da muka ƙware a kai kamarsa. Har bayan yatsu da ƙarƙashin farce, Makcik tana gyaɗa kai tana cewa bagus, wato ya yi kyau.

Aka karya gurasa, ta yi ƙara kamar an taka faranti. Shugaba ya ce ƙa'ida ce a ɓoye rabi sai ƙarshe a nemo, ya naɗe a hankici ya cusa a bayan kantar takalma. Kyanwar Makcik tana kallonsa.

Daga nan aka zo inda ƙaramin yaro zai yi tambaya. Babu yaro a barandar, namu suna Kano. Aka bi shekaru, sai ga shi Sakatare ne autan wurin, da gemunsa da sanƙonsa. Shugaba ya tura masa tambayoyin a waya ya ce ya karanta da ladabi. Sakatare ya maƙale murya ya mai da ita ta ɗan shekara biyar.

"Baba Shugaba, me ya sa yau ta bambanta da sauran ranaku? Kullum muna cin abinci a ciki, why today for corridor lah?"

Na kwanta a kan darduma ina dariya har cikina ya ƙulle. Shugaba bai ko murmusa ba. Ya ce tambaya ce mai kyau, yaro, ya kuma shiga ba da labari. A nan dole in yi masa adalci, ya iya labari. Ya yi muryar Fir'auna da ƙaton ciki, ya yi ta Annabi Musa a tausashe, ya ɗaga sandar mofa sama ya raba teku. Musulmin cikin kwamfuta suna cewa alaihis salam, Kiristocin suna cewa amin, kowa yana lura da ɗan'uwansa don kada ya yi abin da zai ɓata wa masu idi rai.

Da aka zo lissafin annoba goma, ana tsoma yatsa a zoɓo a ɗiga a faranti kan kowace ɗaya. Jini, kwaɗi, ƙwarƙwata, haka har goma. Sakatare ya ɗiga ta goma sha ɗaya ya ce korona. Wani daga Taman Melati ya ce a ƙara malaminsa mai duba masa bincike. Wata ta ce a ƙara durian, 'ya'yan itacen nan mai warin masai da 'yan ƙasar ke mutuwar so. Makcik ta ji an ambaci durian ta ɗaga yatsa ta ce sedap, wato daɗi, abin ya ƙara kashe mu da dariya. Shugaba yana buga sandar mofa a ƙasa yana neman oda.

Sai garafuni. Shugaba ya ce shugaba shi ke fara ɗanɗanar wahalar jama'arsa, ya sauke takunkumi ya gatsa babban yanki ɗanye. Na ga idonsa ya kawo ruwa, kunnuwansa suka motsa. Ya yi ƙoƙari ya haɗiye da mutunci, abin ya ƙi, ya ɓarke da tari. Tari kuwa a wannan shekarar ya fi harbin bindiga tsoratarwa. Sakatare ya ja baya da gindi har cikin falonsa, Makcik ta rufe fuskar kyanwarta da mayafi, har na cikin kwamfuta wani ya matsa da kujerarsa. Shugaba yana tari yana ɗaga hannu yana cewa garafuni ne, wallahi garafuni ne.

Da hankali ya dawo ya koma kan labarin, ya kai daren ƙarshe a Masar. Ya ce an umarci kowa ya shiga gidansa da iyalinsa ya rufe ƙofa, kada wanda ya leƙo har gari ya waye, domin mutuwa tana bin layi gida-gida, tana shiga wani tana ƙetare wani. Ya faɗi haka da muryar wasa, amma kafin ya kai ƙarshen maganar muryar ta sauka da kanta. Daga ƙasa muna jin jiniyar motar asibiti tana wucewa a titin da babu kowa. Sakatare ya cire hular kwanon ya riƙe a hannu. Ni yarana na tuna, da kakarsu mai hawan jini, na kuma dubi ƙofar da ke gabana. Ita gidansu ba a ƙetare shi ba.

Muka ci abinci ba hayaniya sosai, shinkafa da miyar kaza, don gurasar ba ta ciyuwa. Aka je nemo rabin da aka ɓoye, aka tarar da hankici kawai, kyanwa tana lashe baki a ƙarƙashin kujerar Makcik. Aka sha kofi na biyu da na uku, wasa ya fara dawowa. Sannan Shugaba ya duba waya ya ce saura abu ɗaya kafin kofi na ƙarshe. Ana cika wani kofi daban, na biyar, wanda ba na kowa ba ne a wurin. Na baƙon da ake jira ne, Annabi Ilyas, sai a tashi a buɗe masa ƙofa ko zai shigo.

Ya ɗaga kai zai ce a buɗe ƙofa, sai ya ga duk ƙofofinmu a buɗe suke. Duk muka kalli wuri ɗaya.

Na cika kofin har baki. Ban tura da sanda ba, na tashi na taka na ajiye shi a gindin ragarta, kusa da takalman nan masu ƙura, na dawo na zauna. Shugaba, da ba ya iya jure shiru, ya jure. Muna nan zaune har na fara jin kunyar abin da na yi, sai muka ji an zare sakata.

Ƙofar katakon ta buɗe, sai ga maƙwabciyata, ta rame ƙwarai. Zani ta ɗaura a kan rigar barci, gashinta a tsefe, ta riƙe ragar ƙarfen da hannu biyu tana ƙifta ido saboda haske. Ta dubi kofin, ta dubi babbar rigar Shugaba da silifas ɗinsa, ta dubi rigar Sakatare da ta zama ja. Muryarta a dashe ta yi magana.

"Ciyaman, tun ɗazu nake jin ku. Wannan idin na su waye?"

Shugaba ya gyara zaman hularsa. "Naku mana. Don ku na shirya shi, 'yar'uwa."

"Namu?" in ji Sakatare daga can ƙarshe. "Shugaba, ni na ɗauka naku ne. Ka ce Annabi Musa, na ce to, wani abu ne na kafin azumi. Shi ya sa na nemo hula."

Cikin kwamfuta aka kaure da magana. Musulmi suna rantsuwa sun zo ne don yi wa Kiristoci kara, Kiristoci suna cewa su sun zo ne don kada a ce sun ƙi taron Musulmi. Wata mata ta ce ita har sabon mayafi ta yafa don girmama abin.

Maƙwabciyata ta ce, "Ba naku ba ne, ba namu ba ne. Na Yahudawa ne."

Kalmar nan kusan iri ɗaya ce a Hausa da Malayanci, kuma a ƙasar ba kalma ce da ake wasa da ita a baranda ba. Makcik ta miƙe zaune ta ce apa, wato me. Shugaba ya shiga yi wa kowa alamar a rage murya da hannu bibbiyu, babbar riga tana kaɗawa, yana raɗa cewa biza, jama'a, ku tuna da biza. Sakatare ya leƙo ya ce mata African culture ne, Makcik, boleh, boleh, wato ba laifi. Tsohuwar ta kalle mu ɗaya bayan ɗaya, ta koma ta jingina, da alama ta riga ta yanke hukunci a kanmu tun tuni.

Sai na ji dariyar. Ta fara ne kamar tari, ƙasa-ƙasa, sannan ta ɓalle, irin wadda ake ji daga lif. Ta riƙe ragar tana dariya har ta sulale ta zauna a ƙasa. Muka taya ta, ni har da hawaye. Ban san daidai inda dariyar ta juye ta zama kuka ba, na dai ga ta kifa goshi a jikin ƙarfen kafaɗunta suna rawa. Na so in je in rungume ta, doka ta hana, ita ma da ta san aikin asibiti ta ɗaga mini hannu. Na matsa iyakar inda awon tela ya yarda na zauna. Wani mai hankali a cikin kwamfuta ya kashe wa kowa murya.

Da ta lafa ta share fuska da bakin zani. Ta ce babanta mai wa'azi ne a ƙauyensu, kuma duk makon Ista sai ya tara su a gindin mangwaro ya ba su wannan labarin, ita ce take zama teku, ƙannenta su bi ta kanta su wuce. Ta ce tun da aka binne shi take ƙoƙarin tuno muryarsa ta kasa, sai yau da ta ji ana kwaikwayon Fir'auna a baranda.

"Ya fi ka iyawa, Ciyaman," ta ce. "Nesa ba kusa ba."

Shugaba, wanda bai taɓa yarda wani ya fi shi magana ba, ya sunkuyar da kai ya ce ya yarda, Allah ya ba su haƙuri.

Ta buɗe kwaɗon ragar. Na zuba komai a tire na tura mata da sandar mofa. Ta ɗauki garafunin nan ta tauna a hankali, fuskarta ko motsi ba ta yi ba, ta bi shi da dakakken dabino. Sannan ta jawo shinkafar. Ina ƙirga lomarta a zuciyata kamar uwar da ke yaye, har na ga ƙasan farantin. Ta miƙa hannu ta ɗauki kofi na biyar. Shugaba ya ɗan yi gyaran murya ya ce a ƙa'ida wannan na Annabi Ilyas ne, ba a sha. Ta ce in ya zo a turo shi wajenta, ta ɗaga ta shanye.

An kusa kiran magariba, Shugaba ya duba waya don ya karanta kalmar rufewa. Na leƙa ta kafaɗarsa, na ga ana rufewa ne da fatan baɗi a yi idin a birnin Ƙudus. Ya dubi rubutun, ya dubi Makcik, ya haɗiye sunan garin da ragowar zoɓonsa. Ya ɗaga kofi na huɗu ya ce, "Baɗi a gida."

Aka buɗe wa na kwamfuta murya, kowa ya kama kiran garinsu. Baɗi a Kafanchan, baɗi a Zariya, baɗi a Zonkwa, baɗi a Gusau. Ni na ce baɗi a Kano. Maƙwabciyata ba ta ɗaga murya ba, ni kaɗai na ji don ni ce kusa. Ta riƙe kofin da babu komai a ciki ta ce baɗi a kan kabarin Baba.

Baɗin ba mu je ba, don wani kullen ya sake samun mu a nan. Zaɓen kuma da aka yi shi daga baya ta waya, Shugaba ya faɗi, mai shinkafa ya ci. Har yau in an tayar da zancen cewa yake yi jama'a ba su kai ga fahimtar irin siyasarsa ba, ni kuma in ce garafuni ne ya kayar da shi.

Washegarin idin da safe na zuba kunu a kofin silba, don kulolina sun ƙare, na buɗe ƙofa zan kai mata. Sai na ga leda a rataye a jikin ragarmu. Kulolina uku ne a wanke tas, biyu babu komai, ta ukun da nauyi da zafi. Na buɗe, gwate ne irin na Filato, da alayyahu da gyaɗa, tururi yana tashi. Ƙofarta ta katako a buɗe take, an goge takalman an jera su, famfo yana zuba a kicin.

"Fes Ledi," ta ƙwalla daga ciki, "ki ɗanɗana ki gaya mini ko gishiri ya ji, bakina bai gama dawowa ba."

Na zauna a nan bakin ƙofa na cinye shi da zafinsa, ban rage wa Shugaba ko cokali ɗaya ba.